Zaƙin Baki da Amanar Ƙuri'a: Tunatarwa Daga Zaɓen Gaggawa na 1995

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, dalilin wannan tunatarwa shi ne wata tambaya da wasu samari suka yi mana a nan Filinge bayan sallar isha'i. Sun ga a wayoyinsu yadda shugaban Senegal ya rushe majalisar dokokin ƙasarsa a watan Satumba na 2024, aka sake zaɓe a watan Nuwamba. Sun kuma ga yadda a ƙasashe da yawa ake zaunar da 'yan takara a gidan talabijin su yi ta musayar yawu. Suka ce: Malam, shin wannan muhawara tana da gurbi a Musulunci? In tana da shi, wanda ya kayar da abokin takararsa da magana shi ne ya cancanci a bi? A ƙasarmu an rushe jam'iyyun siyasa a watan Maris na 2025, saboda haka muka ga lokacin yin maganar ya yi kyau, don ba wanda zai ce malam ya ɗauki ɓangare.

Samarin nan ba su san cewa mu ma mun taɓa shan wannan ruwa ba. A watan Maris na 1993 aka zaɓi Mahamane Ousmane shugaban ƙasa da goyon bayan ƙawancen jam'iyyu na AFC. Ba a cika shekara biyu ba ƙawancen ya tsage. Firaminista Mahamadou Issoufou ya yi murabus a watan Satumba na 1994, jam'iyyarsa ta PNDS ta haɗa kai da MNSD, majalisa ta kayar da gwamnatin da aka naɗa bayansa, shugaban ƙasa kuma ya rushe majalisar ranar 17 ga Oktoba. Nan fa gardama ta tashi a kasuwa da bakin masallaci. Wasu suka ce a mayar wa talakawa maganar su raba gardama. Wasu suka ce da wane kuɗi, alhali a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ma'aikata suna bin gwamnati bashin albashi, makarantu kuma yau a buɗe gobe a rufe?

Aka ɗage ranar, aka sake ɗagewa, har aka yi zaɓen ranar 12 ga Janairu 1995, cikin watan Sha'aban, cikin sanyi, lokacin da ƙarfafan ƙasar Kurfai da yawa sun tafi cin rani. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ne suka fita. 'Yan adawa suka sami kujera 43 cikin 83, Hama Amadou ya zama firaminista a watan Fabrairu, aka shiga zaman doya da manja tsakaninsa da shugaban ƙasa, har taron majalisar ministoci ya zama abin jayayya. Ranar 27 ga Janairu 1996, muna cikin azumin Ramadan, Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya karɓe mulki. Zaɓen da aka ce zai raba gardama bai kai majalisarsa ga cika shekara guda da wata biyu ba.

Ba don mu ɗora wa wani laifi muka kawo wannan tarihi ba. Waɗanda suka rasu cikinsu Allah ya jiƙan su. Abin da ya shafe mu shi ne namu rabon, mu masu saurare. Masu shekaru za su tuna yadda ake taruwa da dare gaban akwatin talabijin guda a unguwa, ana kallon Tele Sahel, ko a kasa kunne ga Muryar Sahel, kowace jam'iyya da 'yan mintocinta. Da yawa daga jawaban nan da Faransanci ake yin su, mafi yawanmu kuwa ba ma ji. To, da me muke yanke hukunci? Da girman riga, da ƙarfin murya, da yadda mutum yake kaɗa hannu. Na ji da kunnena wani dattijo yana cewa wane ya fi wane, domin bai ko duba takarda ba.

Mu dawo ga tambayar samarin. Muhawara a kan kanta ba haramun ba ce. Allah Maɗaukakin Sarki ya umurci Manzonsa a Suratun Nahli da ya yi jayayya ta hanyar da ta fi kyau. Abdullahi ɗan Abbas (RA) ya tafi Harura ya zauna da Hawarijawa, ya bi shubuhohinsu ɗaya bayan ɗaya, dubbai daga cikinsu suka dawo kan hanya. Kuma gara mai neman shugabanci ya zauna a tambaye shi a bainar jama'a da ya aiko mana da maroƙa da buhun gishiri. Sharaɗin dai shi ne kada a yi ƙarya, kada a ci mutunci, kada a tayar da ƙabilanci tsakanin Bahaushe da Bazabarme da Buzu da Bafillace, waɗanda suke shan ruwan Dallol Boso tare suna salla a sahu ɗaya.

Amma sashe na biyu na tambayar, nan ne haɗarin yake. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ummu Salama (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi masu kawo masa ƙara da cewa shi mutum ne, kuma mai yiwuwa wani ya fi abokin shari'arsa iya tsara hujja, a yanke masa hukunci bisa abin da aka ji. Wanda duk aka ba shi haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya, yankin wuta aka yankar masa. Ku dubi wannan, ya ku bayin Allah. In mafificin halitta ya sanar da mu cewa iya magana tana iya karkatar da hukunci, ina ga ni da kai, da muke kallon mutum na awa ɗaya ta cikin gilashi, bayan an shafa masa hoda an koya masa abin da zai faɗa?

Annabi Musa (AS) yana da ƙulli a harshensa. Shi da kansa ya roƙi Allah ya haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna domin ya fi shi fasahar harshe, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasasi. Fir'auna kuwa a Suratuz Zukhrufi da wannan ya yi masa gori a gaban jama'arsa, suka bi shi, ya kai su ga halaka. A wannan Suratul Ƙasasi ɗin ne 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Musa aiki saboda siffa biyu, ƙarfi da amana. Ba ta ambaci baki ba.

Maƙwabtanmu na Nijeriya ma sun gwada abin. Gab da zaɓen 12 ga Yuni 1993, Moshood Abiola na SDP da Bashir Tofa na NRC, dukansu Musulmi, sun yi muhawara a gidan talabijin na NTA. Jama'a suka kalla, suka fita suka zaɓa, gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen. Muhawarar ba ta da laifi, sai dai ba ta iya haifar da amana inda babu ita.

Ƙuri'a shaida ce. Wanda ya jefa ta yana cewa ne ya shaida wannan mutum ya fi cancanta, kuma Manzon Allah (SAW) ya lissafa shaidar zur cikin manyan kaba'irai, yana ta maimaitawa har sahabbai suka so da ya yi shiru. Ya kuma ambaci, cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar alƙiyama, wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika, in an hana shi ya warware. Wal'iyazu billahi. Na san wasu 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, a wani ƙauye kan hanyar Tukunus, da suka daina gaisawa a kan zaɓen 1995. Waɗanda suka yi faɗan dominsu sun ɓata sun shirya a Yamai sau nawa, sun ci abinci a akushi ɗaya. Su kuwa sai a makabarta suka haɗu, ranar da ɗaya ya raka gawar ɗayan.

To, yaya mai shaida zai yi? An ruwaito cewa wani ya zo yana yabon wani mutum a gaban Umar ɗan Haɗɗabi (RA). Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ya ce a'a. Ko sun taɓa tafiya tare, ya ce a'a. Ko kuɗi sun taɓa shiga tsakaninsu, ya ce a'a. Sai Umar ya nuna masa cewa ashe a masallaci kawai ya gan shi yana ɗaga kai yana sunkuyawa, don haka bai san shi ba. In ganin mutum cikin salla bai isa shaida ba, ganinsa a talabijin ko a waya ya fi rashin isa. Abdurrahman ɗan Aufu (RA) kwana uku ya yi yana zagaya Madina yana jin ta bakin mutane, bai ƙoshi da barci ba, kafin ya miƙa hannu ga Usmanu.

Saboda haka duk ranar da aka sake zuwa neman yardarku, ko ta shugabancin ƙasa, ko ta gunduma, ko ma ta kwamitin masallaci, ku saurari muhawara, sannan ku tashi ku bincika. Ku tambayi waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa. Ku tambaya ko yana biyan bashi. In ya taɓa riƙe kuɗin rijiya ko na hatsin agaji, ku je ku ga rijiyar. Ku tambaye shi kan burtali da gonaki, da mutanen Abala da Sanam da rashin tsaro ya raba da gidajensu, ku ga ko ya san wuraren.

Ya Allah ka gyara tsakaninmu, ka mayar da waɗanda suka bar gidajensu lafiya, ka ba ƙasar Kurfai damina mai albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.