Tufafin Da Ƙasa Ta Ƙi Ci

 

Allah Maɗaukakin Sarki Ya lissafa tufafi cikin ni'imominSa a Suratul A'arafi, aya ta 26. A aya ta 31 kuma Ya yi umurni da ado lokacin zuwa masallaci, kana Ya hana ɓarna. Ado halal ne, babu gardama. Abin dubawa shi ne inda tufa take ƙarewa bayan an yar da ita.

A Fakku da ƙauyukan Kebbe da Tambuwal, rigar saƙi ta dā auduga ce zalla. In ta yage a yi mata faci, in ta mutu ta zama gammo ko lagwanin fitila, saura ya bi taki zuwa gona, ƙasa ta cinye. Yau kuwa yawancin yadin anko mai araha da kayan gwanjo zaren roba ne, wanda asalinsa man fetur ne, ba ya ruɓewa. Manomi ya kai taki da bazara, damina ta zo ta wuce, tsummokaran suna nan suna sarƙe masa fartanya. Akuya ta haɗiye su tare da leda, ta yi ta ramewa, sai mahauci ya tarar da ƙullin a tumbinta. To, alhakin wannan dabba yana kan wa?

Tushen abin yana nesa. Kamfanonin ƙasashen waje suna ɗinka tufafi masu araha don a sa su kaɗan a yar, sa'an nan a ɗaure su dila-dila a turo Afirka. An ƙiyasta tufafi miliyan 15 ke shiga kasuwar Kantamanto ta Akara, ƙasar Gana, kowane mako, kusan kashi 40 cikin 100 kuma shara ne, suna toshe magudanu har bakin teku. Suratur Rumi, aya ta 41, ta jingina ɓarnar tudu da teku ga aikin hannuwan mutane.

An ruwaito cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, riga ɗaya gare shi, da wando ɗaya, da rawani ɗaya. Ba a ce kowa ya yi haka ba. Talakan da ya sayi gwanjo don suturta 'ya'yansa ba shi da laifi. Magana tana kan masu fitar da anko uku a biki ɗaya, har magidanci ya sayar da geron rumbunsa kan zanen da ba za a sake ɗaurawa ba.

Hadisin da ya hana cuta da cutarwa yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Saboda haka tufar da ta ishi mai ita, ya ba mabuƙaci tun tana da sauran amfani. Wadda ta mutu kuwa kada ya zuba ta cikin taki, kada kuma ya ƙona ta inda hayaƙinta zai shiga gidan maƙwabci.