Ɗanki a Gadon Asibiti: Ya Halatta a Mai da Ciwonsa Darasi?

Kowacce daga cikinmu ta taɓa zaman jinya, ta ga nas ta shigo da fayil, ta auna zafin jikin yaro, ta ɗebi jini, ta yi ta rubutu, ta fice. Sai uwa ta bi ta da ido tana tambayar zuciyarta: wai rubutun nan don ɗana ake yinsa, ko don wasu su yi karatu da shi? Kada ki ji kunyar wannan tambaya, 'yar'uwa, domin tana da tushe.

A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a kan yara. Kimanin yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, kamfanin kuwa ya ce ya nemi izini, kuma cutar ce ta kashe yaran. Aka yi ta shari'a har zuwa 2009, inda aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kuɗi dai an biya, amma amanar da ta zube ba ta kwasu ba. Wannan tabo yana cikin dalilan da suka sa mutane suka juya wa rigakafin shan-inna baya a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To amma dubi abin da ya faru a gidanmu. A farkon 2010 yara ƙanana suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Yaro zai yi ta amai, sai jijjiga, sai shiɗewa. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, aka ba da na sanƙarau, shiru. Da ma'aikatan lafiya sun tsaya a kan abin da suka saba, da sun ci gaba da ba da maganin da ba ya aiki, da kyakkyawar niyya, yara na ta tafiya. Abin da ya kawo sauyi shi ne wasu sun lura, sun ƙidaya, sun ɗebi jini an auna. Sai ga gubar dalma. Duwatsun zinariya da ake kawowa cikin gida, a daka a turmi ko a kai injin niƙa, ƙurarsu cike take da dalma, yara kuwa a ƙasa suke rarrafe, hannu a baki. Yara aƙalla 400 suka rasu.

Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wuraren jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum, ana ba yara maganin DMSA, wanda ke kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Kafin wannan lokaci duniya ba ta saba ba da shi ga yara masu yawa haka, masu guba mai tsanani haka ba. Saboda haka aka riƙa rubuta komai: wane yaro, nawa aka ba shi, yaya jininsa ya koma. A 2014 aka wallafa sakamakon jinyar yara 1,156. Cikin abin da aka gano akwai wanda ya shafi aikin nas kai tsaye: idan ma'aikaci ya tsaya ya ga yaro ya haɗiye maganin a gabansa, gubar ta fi raguwa. Da irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015, ba a fara daga lalube ba. Ciwon 'ya'yan Anka ya zama garkuwar 'ya'yan wasu.

Ke nan ga bincike biyu, duka a kan yara, duka a lokacin annoba. Mene ne ya raba su? A ganina abu uku ne. Na farko, wa aka zo dominsa? A Kano magani ne ke neman yaran da za a gwada shi a kansu. A Anka yara ne ke neman magani, rubutun ya biyo bayan jinya. Na biyu, shin uwa ta san abin da ake yi, da harshen da take ji, kuma ta san in ta ce a'a ba za a kori ɗanta ba? Na uku, in an gama, ilmin ya dawo gida ko ya tafi ke nan?

Wata za ta ce: wane izini ne ga matar da ba ta karatun boko, maigida ba ya nan, ɗanta na jijjiga a hannunta, maganin kuma kyauta ne? Ai ko me aka miƙo mata dangwala yatsa za ta yi. Gaskiya ne, kuma a nan nauyin ya fi danne ma'aikaci. Raunin majinyaci yana ƙara wa mai jinya amana ne, ba ya rage ta. Takardar da aka dangwala wa hannu ba tare da bayani ba, sunanta yaudara ko da tana da hatimi. Wata kuma za ta ce: su sun samu digiri da ƙarin girma, mu me muka samu? Ita ma tana da hujja. Mutanen Bagega sun zauna cikin guba har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasa, alhali tuni an san cewa ba amfani a yi wa yaro magani a mai da shi gidan da ya kwaso cutar. Ilmin da aka rubuta aka ajiye ba a yi aiki da shi ba, shi ma cin amana ne.

Sai dai kada fushin waɗannan ya sa mu ce a daina rubutu da bincike. Nas ɗin da ta rufe littafi tun ranar da ta bar makaranta, komai tausayinta, tana iya yin illa ba ta sani ba. Shi ya sa hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa ke sa su ƙaro ilmi kafin a sabunta musu lasisi. Ke da kike wannan aiki a Gummi ko Anka ko Bukkuyum, abin da kika gani a ɗakin marasa lafiya kika rubuta daidai, wataƙila shi zai tona wata cuta kafin ta cinye gari.

Ke kuma uwa, in an zo ɗibar jinin ɗanki, yi tambaya cikin ladabi: “Malama, me za a duba? Yaushe zan ji sakamako? In ban yarda ba, za a ci gaba da yi masa magani?” Ma'aikaciyar kirki ba za ta ji haushi ba. Adana katinsa, ki faɗi gaskiyar abin da ake yi a gida, ko da sana'ar maigida ce, domin a Dareta amsar tana cikin turmi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan yaran da suka riga mu, Ya ba masu jinya ikon riƙe amana. Amin.