Cigiyar Aibi

Akwai wata mas'ala da take kai da komo a zuciyata tun daminar bara, wadda ko da yake asalinta bai wuce wani faifan ƙarfe mai haƙora ba, wanda faɗinsa bai fi na ɗan faranti ba, duk da haka na lura cewa in an bi ta sannu a hankali sai ta shigar da mutum babin ciniki na littattafan fiƙihu, ta kuma zarce da shi zuwa ga abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Mas'alar kuwa ita ce: mutumin da ya sayar da kaya alhali bai san da wani aibi a jikinsu ba, ciniki ya faɗa, aka yi sallama, kowa ya kama gabansa, sa'an nan daga baya sanin aibin ya riske shi, shin shirun da zai yi halal ne gare shi?

Ni mazaunin Katabu ne, a ƙasar Igabi, bakin hanyar Kaduna zuwa Zariya, dab da Mararraban Jos inda manyan motoci ke yada zango, kuma hidimata takan kai ni Kawo galibin ranakun mako. Domin haka na yi tattali na sayi babur sabo fil a wani shago cikin gari. Ban cika wata huɗu da shi ba sai na fara jin sarƙa tana ƙara, tana tsallake a duk lokacin da na ja mai, har wata safiya, ina tsakanin tirela da tirela wajen Rigachikun, ta kubce gaba ɗaya, Allah Ya taimake ni ta zubo ƙasa maimakon ta naɗe a cikin taya, wanda da haka ta auku da tayar baya ta ƙame nan take, ni kuwa da wani ne ke ba da wannan labari.

Bakaniken da na tura masa babur ɗin yaro ne mai natsuwa, yana aiki ƙarƙashin wata dalbejiya. Ya kwance murfin sarƙa, ya cire taya, ya warware notunan da ke riƙe da babban faifan nan na baya, ya goge shi da tsumma ya miƙo mini. Haƙoran da ya kamata su tsaya daidai, kowanne da kaurinsa, duk sun sirance sun lanƙwashe gefe guda kamar bakin shaho, biyu ma sun gutsure. Sai ya ɗauko zarto ya goga a kan haƙori ɗaya, zarton ya shige kamar an goga shi a sabulu, ya kuma goga a kan wani tsohon faifai na wani babur da ya shekara uku yana aiki, zarton ya zame bai kama ba. Ya ce, "Malam, wannan ƙarfen bai sha wuta ba. Kuma ba naka ne na farko da na kwance ba." Maganarsa ta yi daidai da abin da maƙeranmu suka sani tun kaka da kakanni, cewa ƙarfen da za a sa shi cizo, ko gatari ne ko lauje, sai an gasa shi an tsoma shi a ruwa kafin bakinsa ya yi tauri.

Da na koma shagon da faifan a hannuna, mai shagon, wanda dattijo ne da ban taɓa jin an ambace shi da ha'inci ba, bai yi mini gardama ko kaɗan ba. Ya ce kamfani ya riga ya gane cewa wani rukuni na baburan ya fito da wannan illa, ya aiko da sababbin fayafayai tun kafin azumi, duk wanda ya zo ya yi magana ana sake masa kyauta. Muka ɗan ja a kan sarƙa, domin faifan da ya lalace yana cinye sarƙarsa, kuma makanikai ba su yarda a ɗaura tsohuwar sarƙa a kan sabon faifai ba, amma daga ƙarshe ya ba ni ita. Sai na ce, "Alhaji, waɗanda ba su zo ba fa?" Ya ce, "Malam, ba ni na ƙera ba, kuma ban hana kowa ba." A kan teburinsa kuwa ga babban littafin da yake rubuta sunan kowane mai saye da lambar wayarsa da lambar injinsa.

Ba zan ɓoye ba, a zahirin shari'a hujjarsa tana da ƙarfi. Algushun da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hani a kansa ranar da ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya iske na ƙasa a jiƙe, algushu ne na wanda ya sani ya rufe tun kafin a ƙulla ciniki. Haka nan wanda ya bar nono ya taru a hantsar dabba domin a zaci mai yawan nono ce, wanda aka ba mai sayenta zaɓi ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i guda na dabino. Alhaji bai aikata ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Fuƙaha'unmu na Malikiyya, tun daga Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, har zuwa Muhtasar na Shaihu Halil, sun tabbatar wa mai saye zaɓi idan ya iske tsohon aibi, ko mai sayarwa ya sani ko bai sani ba, sun kuma ce sharaɗin kuɓuta daga aibi ba ya amfanin wanda ya san aibin ya ɓoye, wanda wannan kaɗai ya isa ya rage kaifin abin da ake bugawa a ƙasan rasit cewa kayan da suka fita ba a mayar da su. To amma duk wannan haƙƙi ne da mai saye ke tasowa ya nema, kuma wanda ya nema Alhaji ya ba shi.

Inda hujjar ta gaza, a ganina, shi ne cewa fayafayan da ke jibge cikin kwali a bayan shagonsa ba nasa ba ne. Kamfani ya aiko da su da sunan mutane sanannu, waɗanda suka riga suka biya kuɗin faifai mai lafiya aka ba su mai aibi, saboda haka dukiyarsu ce a hannunsa ba da saninsu ba. Shari'a kuwa ta san hukuncin dukiyar da ta faɗo hannun mutum alhali mai ita bai san inda take ba, shi ne babin tsintuwa, inda ba a ce wa wanda ya tsinta ya zauna ya jira mai kaya ya yi duba ya gano shi ba, bal an wajabta masa cigiya shekara guda cur, a ƙofofin masallatai da kasuwanni da duk inda ake zaton samun mai ita. Idan kuwa haka hukuncin yake ga wanda bai san sunan mai kaya ba, yaya zai kasance ga wanda sunan da lambar wayar ke rubuce a gabansa? Balle a nan abin da za a mayar ba dirhami ba ne kurum, labari ne wanda rai ke rataye da shi, kuma ban san wani malami da ya halatta wa mutum ya ga makaho ya nufi rijiya ya yi shiru, yana mai kafa hujja da cewa ba shi ya haƙa ta ba.

Mutanen wasu ƙasashe ma sun iso wannan matsayi, amma bayan sun binne mutane da yawa. A Amurka tun 1966 doka ta ɗora wa masu ƙera motoci sanar da masu saye idan an gano illar da ke barazana ga rai, kuma kamfanin Takata na Japan, wanda jakunkunan iskar da yake ƙera wa motoci suka riƙa fashewa suna kashe direbobi, ya karye a 2017 ƙarƙashin nauyin kiran miliyoyin motoci domin gyara. Mu ma a Nijeriya dokar kare haƙƙin masu saye, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta umarci mai ƙira da mai rarrabawa su sanar da jama'a da zarar sun gano hatsari a kayan da suka riga suka shiga kasuwa. Sai dai ɗan acaɓan da ke jigila tsakanin Katabu da ƙauyukan da ke kewaye bai taɓa jin wannan doka ba, in sarƙarsa ta tsinke ya karye sai 'yan dubiya su ce haka Allah Ya ƙaddara, kuma gaskiya suka faɗa, illa dai imani da ƙaddara mafaka ce ga wanda abu ya sama, ba ta taɓa zama uzuri ga wanda ya san sababin ya kame bakinsa ba.

Da na iso nan a tunanina sai na ga hujjar ta juyo kaina, domin ni ma yanzu na sani, kuma sani ba ya tambayar wanda ya sayar da wanda ya saya kafin ya ɗora nauyinsa. Na roƙi limamin unguwarmu ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, ya yi, samari biyu suka same ni a ƙofar masallaci na kwatanta musu. Sa'an nan na koma wurin Alhaji na karanta masa abin da na fahimta cikin ladabi. Ya daɗe yana kallon littafin nan, ya ce zai tambayi malaminsa, amma kafin in tashi ya kira yaron shagonsa ya miƙa masa waya. Mutum na farko ya ce zai zo gobe, na biyu ya riga ya sake da kuɗinsa. Na uku ƙanensa ne ya ɗauka, ya ce ai babur ɗin an sayar wa wani manomi a can wajen Jaji tun bayan Sallah, ba su riƙe sunansa ba, kuma har ranar da nake wannan rubutu ana cigiyarsa ba a same shi ba.