Yaɓe Tsakanin Sutura da Algus

Yaɓe, wato laka ko siminti da ake shafe bango da shi domin kare tubali daga ruwan sama da zafin rana, aiki ne da ba ya rabuwa da ɓoyewa, tun da duk abin da ya kare sai ya rufe shi daga ido, kuma daga nan ne tambayar shari'a take tasowa game da lokacin da rufe aibin gini yake zama sutura abar yabo da lokacin da yake komawa algus, wato nuna wa mai saye kyakkyawa a danne masa mummuna. Tambayar tana da nauyi a wurin Bahaushe musamman, domin kaɗan ne daga cikin addu'o'insa suka kai roƙon rufin asiri yawa a bakinsa.

Maginan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin cewa bangon ƙasa ba ya rayuwa tsirara, shi ya sa suka samar da makuba, wadda ake jiƙowa daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, da kuma cafe, wanda ake danna tsakuwa a fuskarsa tun yana ɗanye domin ruwa ya riƙa bugun dutse maimakon laka. Irin wannan yaɓe mai tsakuwa ya yaɗu a Ingila a shekarun 1920 da 1930, lokacin da ake gina gidaje da gaggawa, kuma sananne ne cewa waɗansu magina sun same shi hanya mai sauƙi ta lulluɓe bulo maras inganci, abin da ke nuna cewa dabarar da aka ƙirƙira don kariya tana iya zama mayafin ha'inci ba tare da an sauya ko tsakuwa ɗaya a cikinta ba.

Yaɓen da ya fara lalacewa yana da alamar da kowane birkila ya sani: idan aka ƙwanƙwasa shi da ƙotar guduma sai ya yi amo irin na ganga, saboda ya saki bango, laima ta kwanta a tsakaninsu, kuma abin ya fi muni inda aka shafa siminti a kan ginin ƙasa, domin siminti yana hana danshi fita har cikin bangon ya ruɓe alhali fuskarsa tana sumul. Gyaran gaskiya shi ne a sassare duk wurin da ya saki har a tarar da mai ƙarfi, a nemo mafarin ruwan, ko indararo ne ya toshe ko gindin bango ne yake tsotso, a bari ya bushe sannan a sake yaɓawa. Ɗaya gyaran kuwa na yini guda ne, a cusa siminti a tsaga, a bi da fenti, a kira dillali kafin damina ta faɗi.

Musulunci ya kwaɗaitar da suturta aibin mutum, amma ya ware ciniki, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin hatsin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya zarge shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai yin algus. Abin da ya raba hukuncin biyu shi ne haƙƙi, domin magidancin da ya shafe tsagar zaurensa don kada talaucinsa ya bayyana ga masu wucewa bai tauye kowa ba, amma daga ranar da ya sa gidan a kasuwa sanin wannan tsaga ya zama mallakin wanda zai biya kuɗi ya kwantar da iyalinsa a bayanta.

Malaman mazhabar Malikiyya ba su bar zancen a dunƙule ba. Muhtasar na Shehu Halil, wanda har yau ake karantarwa a zaurukan ilimi na Kano da Zariya da Sakkwato, ya kawo tsagar bango da sunanta a matsayin misali, inda ya nuna cewa idan ba a jin tsoron rushewar gida saboda ita, mai saye zai karɓi rangwamen da ya yi daidai da aibin, sai dai idan a fuskar gidan take, sannan yana da damar mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Ya kuma wajabta wa mai sayarwa da ya san aibin ya siffanta shi ko ya nuna shi, kada ya dunƙule, don haka maganar nan ta "ga gida nan, yadda ka gan shi haka yake" ba ta wanke wanda ya riga ya rufe abin da ya kamata a gani.

Matsayin birkila shi ne mafi wuya, domin shi ɗan ƙwadago ne, ba shi yake sayarwa ba, kuma sau da yawa bai san nufin mai gida ba, wanda hakan uzuri ne karɓaɓɓe. Uzurin yana faɗuwa ne a lokacin da aka gaya masa a fili cewa masu dubawa za su zo ranar Asabar, aka umarce shi kada ya taɓa wurin da ya ji yana amon ganga, domin a nan hannunsa ya shiga taimakekeniya a kan zunubi wadda aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana, ko da ladan aikin nasa bai wuce kuɗin cefanen yini ba.