Shin Yaro Yakan Manta?

"Ai yaro ne, zai manta." Da wannan magana manya sukan rufe zancen yaron da aka zalunta, ko da bulala, ko da zagi, ko da abin da baki ke jin nauyin faɗa. Marubutan labarai ba su yarda da ita ba.

A cikin Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta aka buga a 1934, an sace Umar yana ƙaramin yaro, ya shiga hannun masu cinikin bayi, har wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi ƙasar Masar ya rene shi kamar ɗansa. Ya ci, ya sha, ya yi karatu, ya zama malamin da ake zuwa wurinsa daga nesa. Duk wanda ya gan shi zai ce ciwon ya warke. Amma da almajiransa suka tambaye shi asalinsa, sai ya kwashe labarin tun daga Kagara bai tsallake kome ba. Natsuwar da ya ba da labarin da ita takan ruɗi mai karatu. Natsuwa ce ta wanda ya daɗe da kaya a ka, har ya saba da nauyinsu.

Adaobi Tricia Nwaubani ta kawo zancen Barno a littafinta na Turanci, Buried Beneath the Baobab Tree, a 2018. Yarinyar da 'yan Boko Haram suka sace, sun raba ta da sunanta, suka laƙa mata Salamatu. Haka zalunci yake yi ko a cikin gida: yaron da kullum ake kira shashasha, a kwana a tashi sai ya riƙa amsawa.

Mazauna Bulabulin a Maiduguri sun san wannan ba a takarda ba. Yaron da yake ɗan shekara takwas a 2013, lokacin da sojoji suka fatattaki 'yan bindiga daga Bulabulin Ngarnam, yanzu ya kai shekara ashirin, wataƙila ma ya yi aure. In yana firgita cikin barci, ko yana fushi ba gaira ba dalili, akan ce taurin kai ne, ko a ce iskoki. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa sun san cewa tsoron da aka danne tun ƙuruciya yakan fito ta hanyar mugun mafarki, da zabura, da rashin yarda da kowa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a cikin Maiduguri, amma iyaye da yawa kunya takan hana su kai ɗansu can, kamar dai yadda ta hana su tambayarsa tun farko.