Soso da Ruwa a Tassili

Mota ba ta hawa tudun da ke saman garin Janet, a kudu maso gabashin Aljeriya. A gindin dutse ake sauka, a ɗora wa jakuna ruwa da guzuri, Buzaye 'yan jagora su shige gaba, a yi ta hawa da ƙafa. Can sama, a Tassili n'Ajjer, duwatsu ne tsaitsaye da iska da ruwan zamanin dā suka sassaƙa, wasu an huda su ta tsakiya, da lunguna a tsakaninsu kamar unguwar da mutanenta suka tashi. A 1982 UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya, kuma zanen da aka ƙidaya a jikin duwatsun ya haura 15,000.

A ƙarƙashin inuwar dutse zanen yake, da jar ƙasa da farar ƙasa. Akwai giwa da dorina da raƙumin dawa, na lokacin da Sahara ke da ƙoramu da ciyawa. Daga baya shanu suka zo, sai doki, sai raƙumi da ƙasa ta bushe. Shanun ne suka fi kama ni. Ba a yi su da gaggawa ba. Wannan ƙahonta ya buɗe, waccan nata ya lanƙwaso gaba, wata da dabbare-dabbare a gefe, wata hantsarta cike. Duk wanda ya zana su ya tatse su da hannunsa.

Abin da ya adana wannan aiki dubban shekaru shi ne bushewa. Ba damshi, ba yawan jama'a.

A 1956 wani Bafaranshe, Henri Lhote, ya hau tudun da ayarin masu zane don su kwafi hotunan. Sun sha wahala ƙwarai, kuma baje kolin da aka yi a Paris a 1957 shi ya sanar da duniya wurin. Amma a jikin dutsen sun tarar launin ya dushe, ƙura ta rufe shi, sai suka riƙa jiƙa soso suna shafa bangon don ya fito raɗau. Ya kuwa fito. Masu yawon buɗe ido da suka biyo baya suka ɗauki dabarar, kowa ya yayyafa ruwan gorarsa ya ɗauki hoto. Ruwan nan yana shiga dutse ya narkar da gishirin da ke ciki, in ya bushe gishirin ya taso ya zauna a kan fenti, shafar kuma tana ɗebe launin kaɗan-kaɗan.

Abin da ke damuna shi ne babu maƙiyi a cikinsu. Masoya ne, sun yi tafiya mai nisa don su gani. Laifinsu gaggawa: kowa yana so ya ga abin da kyau yau, a ransa kuma yana cewa ai nawa ɗan kaɗan ne. Da yawa daga abin da muke ƙauna haka muke yi masa, daga tsohon littafin kaka da ake buɗawa da yatsa mai yawu har bishiyar da ake ɓarar ɓawonta don magani.

Yanzu an hana jiƙawa, an hana taɓawa, ba a hawa tudun sai da ɗan jagora. A wurare irin su Sefar da Jabbaren, baƙo yakan daɗe a gaban bango kafin idonsa ya rarrabe saniya da tsatsar dutse, wasu kuma sai jagoran ya nuna masa daga nesa.