Wanda Ya Yi Ritaya Ya Gama Biyan Bashinsa?

Jama'a, ga wata tambaya da nake so mu yi nazari a kanta, mu ɗalibai da malamanmu. Mutum ne ya shekara talatin ko fiye yana yi wa wani babban kamfani aiki, tun yana ƙaramin ma'aikaci har ya kai manaja, sannan ya ajiye aiki ya karɓi fanshonsa. To, shin ya sauke nauyin da ke kansa ke nan, sai ya shimfiɗa tabarma ya huta, ko kuwa akwai sauran bashin da jama'a ke binsa?

Da yawa za su ce ai ya gama, tunda ya yi guminsa an biya shi, ya kuma biya haraji, ba mai binsa ko anini. Ni dai ban yarda da wannan ba. Abin da kamfani ya biya shi ladan lokacinsa ne. Amma sanin da ya tara, watau iya lissafi da tsara aiki da sarrafa mutane, tushensa makarantar da aka gina da harajin talakawa. Wannan sani amana ce, kuma fansho bai shafe ta ba. Idan ya kwanta da shi a ɗaki, da shi za a binne shi.

To, ina ya fi dacewa ya biya wannan bashi? A nawa ganin, sai a kan abin da kowa ke da shi amma ba wanda ya ɗauke shi nasa. Mu ɗauki ganuwar Kano alal misali. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gininta, kuma an faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, tsakanin 1463 da 1499. Tun 1979 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da gidajen tarihi, a 2007 kuma aka sa ganuwar cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su. Duk da haka sassa da yawa sun zube, wasu an ɗebe ƙasarsu, wasu an yi gini a kansu. Dalili kuwa shi ne gyaranta ba ya kawo riba ga mutum ɗaya. Ɗan kasuwa yana neman riba, saurayi yana neman abinci. Wanda ya rage shi ne dattijon da ya iya aiki, ba ya kuma bukatar riba.

Kada a ce wannan mafarki ne. Akwai Newton Jibunoh, mutumin Akwukwu-Igbo a Jihar Delta, wanda aka haifa a 1938. Ya daɗe yana aiki a kamfanin gine-gine na Costain har ya zama shugabansa. A 1983 ya kafa gidan adana kayan fasaha da al'adu mai suna Didi a Ikko. A 2000 ya kafa ƙungiyar FADE don yaƙi da kwararowar hamada, wadda ta dasa itatuwa a Makoɗa cikin Jihar Kano. Da ya bar kamfani sai ya mai da hankalinsa ga waɗannan ayyuka, har a 2008, yana da shekara 70, ya sake ƙetare Sahara da mota don jawo hankalin duniya ga barazanar hamada.

Na san wani zai ce, "Ana fama da yunwa, wa yake ta tsohon bango?" Maganarsa tana da nauyi, domin ba a yi wa mai jin yunwa wa'azin tarihi. Amma a duba aikin Jibunoh da kyau. Dashen itace da adana kayan tarihi aiki ɗaya ne, domin duka biyu ana yin su ne saboda waɗanda ba a haifa ba tukuna. Abincin da aka rasa bana ana iya noma shi baɗi, amma ganuwar da ta shekara fiye da 800, in ta tafi ta tafi ke nan. Gyaranta kuma ai magina da masu kwaɓa ƙasa za su ci abinci da shi.

Wani kuma zai ce neman suna ne kurum. Mai yiwuwa ne. Zuciya ba mai ganinta, amma inuwar itace ba ta tambayar niyyar wanda ya dasa shi. Haɗarin da na fi tsoro daban ne, watau dattijon ya zo wa jama'a da halin ofis, yana ba da oda kamar ma'aikatansa ne. Kayan tarihi na masu unguwa ne da magina da tsofaffin da suka san labarinsu. Wanda bai durƙusa ya tambaye su ba, zai gyara bango ya ɓata zumunci.

A ƙarshe, 'yan'uwana ɗalibai, maganar ta dawo kanmu. Ku lura, Jibunoh bai jira ranar ritaya ba, tun yana bakin aiki ya fara. Wanda bai saba da hidimar jama'a yana da shekara talatin ba, da wuya ya koye ta yana da sittin, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gobe mu ne manajojin bankuna da kamfanoni. Saboda haka kowa ya zaɓi abin da zai riƙa waiwaya tun yanzu, ko tsohuwar ƙofa ce, ko marina, ko littattafan ajami da ke cikin adakar kakansa. Waiwaye, in ji Bahaushe, adon tafiya ne.